Zauren Shawara: Yaron da Aka Ce Ya Zama Tsohuwa a Aji



Ƙorafi ɗaya ya ke ta zuwa mana daga iyayen yara, musamman masu 'ya'ya a JHS, watau makarantar da mu tsofaffi har gobe mu ke kira Midil, ko da ya ke tun 1987 Gwamnati ta soke Midil mai shekara huɗu ta kawo ta shekara uku a madadinta. Ƙorafin kuwa shi ne wai waɗansu malaman Turanci sun mai da aji dandali. Yaro ya komo gida, a tambaye shi abin da aka koya, ya ce yau shi ne tsohuwa, jiya shi ne maraya, an zaunar da shi bisa kujera 'yan aji suna yi masa tambayoyi kamar a gaban alƙali. Uba ya ji haka ransa ya ɓaci, ya ce shi bai sayi rigar makaranta da takalmi da littattafai don a koya wa ɗansa wasan 'yan konsat ba.

To, mun auna maganar. Ra'ayinmu shi ne a bar malaman nan su yi aikinsu, gama abin da su ke koyarwa mun fi kowa bukatarsa a zango. Amma akwai wurin da ya kamata a sa ido, ba kuwa wurin da iyaye su ke kallo ba ne.

Bari mu fara da yadda abin ya ke, don da yawa cikinmu ba su taɓa shiga ajin ba. Idan an karanta labari, maimakon malam ya tsaya a allo ya ce wane mugu ne, wance mai haƙuri ce, ku rubuta ku haddace, sai ya raba wa yara mutanen labarin. Kai ne wane, ke ce wance. Babu kayan ado, babu ganga, babu 'yan kallo. Wani lokaci a zaunar da ɗaya a gaba, sauran su tambaye shi don me ya yi kaza, shi kuwa dole ya amsa da bakin mutumin labarin, ya kawo hujja daga cikin littafi. Wani lokaci a ce kowa ya rubuta wasiƙar da mutumin zai aika wa ɗan'uwansa a daren da abin ya faru. Sa'an nan, nan ne gishirin, a juya rabon: wanda ya kare uwa ɗazu yanzu shi zai kare suruka.

Misalin da za mu ɗauka kusan kowane gida akwai shi, domin yana cikin The Cockcrow, littafin nan da yaranmu suka yi shekaru suna karantawa saboda jarrabawar BECE. Wasa ne mai suna The Dilemma of a Ghost, na Ama Ata Aidoo, Bafantiya, wadda ta rubuta shi tana ɗaliba a Jami'ar Legon. An fara yin wasan a 1964, aka buga shi littafi a 1965. Daga baya ta riƙe Ma'aikatar Ilmi daga 1982 zuwa 1983, ta rasu a 2023.

Ga labarin a taƙaice. Wani saurayi Bafante, Ato, dangi suka sha wahala suka ci bashi har ya yi karatu a Amurka. Uwarsa, Esi Kom, ta sayar da tunkiyar da ta ke kiwo tana tanadin kuɗin aurensa. Sai ga shi ya komo da mata ya riga ya auro, sunanta Eulalie, baƙar fata ce ta Amurka, jikanyar waɗanda aka kwashe bayi aka ƙetare teku da su. Ba ta jin Fanti, dangi ba su jin Turancinta. Tana shan taba, tana shan giya, kuɗin albashi yana tafiya wajen sayen kayan Turawa, uwa kuwa ba ta ga ko kwabo na biyan bashi ba. Miji da mata sun shirya tsakaninsu ba za su haihu ba tukuna, amma Ato bai gaya wa kowa ba. Dangi suka ga shiru, suka ɗauka juya ce, suka zo da magani za su wanke mata ciki. Aka yi ta tafiya haka har ran da Ato ya mare ta, ta bar gidan. Sai a daren nan ya buɗe baki ya gaya wa uwarsa gaskiya. Uwar ta ɗora masa laifi, da yarinyar ta komo a galabaice kuwa, tsohuwar ce ta tallabe ta ta shigar da ita ɗaki, aka bar ɗan boko tsaye a tsakar gida.

Akwai wani wuri cikin wasan da ya ishe mu hujja. Esi Kom ta kawo wa ɗanta da matarsa tsaraba, cikin tsarabar har da dodon koɗi. Eulalie ta gan su suna motsi, ƙyama ta kama ta, ta zubar. Ƙanwar miji ta gani ta kai labari, gida ya kama da wuta.

Yanzu ku ɗauko 'yar zango 'yar shekara goma sha uku ku ce ta zama Eulalie. Ba ta bukatar koyarwa. Yawancinmu ba mu cin dodon koɗi, ita ma tun tana ƙarama ta ke kau da kai in ta wuce masu sayar da shi a kasuwa. Za ta kare baƙuwar nan da zuciya ɗaya. 'Yar Tonawa ko 'yar Fanti da ke zaune kusa da ita kuwa, wadda ta san tsadarsa ta san daɗinsa a miya, za ta kare tsohuwa ba da wahala ba. In malam ya tsaya nan, bai yi kome ba, kowa ya zauna a gidan ubansa ke nan. Sai an juya. A ce wa 'yar zango, yanzu ke ce Esi Kom: ke kika nemo abin nan, kika ɗauko shi a ka, shi ne mafi daraja cikin abin da hannunki ya kai, kin kawo wa yarinyar da ba ki zaɓa ba don ki nuna kin karɓe ta, ga shi can a juji. Faɗa mana abin da ke ranki. Yarinyar nan dole ta ajiye ƙyamarta a gefe ta nemo abin da zai yi mata zafi haka a gidansu. Watakila ta tuna kakarta da ta kwana tana dama fura saboda baƙo, baƙo ya sa cokali ya ture. Ran nan ta gane wani abu game da maƙwabtanta wanda shekara goma ta zama tare ba ta koya mata ba. Ita ma 'yar Tonawa da aka ce ta zama Eulalie, ran nan ta ɗanɗana zama a gari inda abincin mutane ke tayar maka da zuciya, ba ka da bakin da za ka ba da haƙuri, ga idanu a kanka. Baƙo ko da ido makaho ne, mu mun san haka tun kakanni. Ita sai a aji za ta sani.

'Yan kasuwa, ku ne ya kamata ku fara gane amfanin wannan. Mene ne aikin dillali? Bafatake ya sauka da shanu daga arewa, ba ya jin Turanci ba ya jin Tuwi, ga mahauci yana jira. Ko kuwa mai goro ya fito daga daji da kayansa, ga mai saye zai kai Kano ko Sakkwato. Maigidan da ya saukar da baƙo da dillalinsa ba su da shanun ba su da goron. Jarinsu ɗaya ne: sun san abin da ke zuciyar mai sayarwa, sun san abin da ke zuciyar mai saye. Dillali ya dubi bafatake ya san wannan albarka da ya ce ta gaske ce ko ta neman ƙari, ya san yana sauri ne ya koma kafin ruwa ya sauka ko yana da kwanakin zama. Ya juya wajen mai saye ya san inda aljihunsa ya tsaya. Ya faɗa wa kowa maganar ɗaya da lafazin da zai iya haɗiyewa. Da wannan sani aka gina Salaga, da shi aka gina zangon Kumasi bayan ciniki ya bar Salaga. Ba wanda ya ce dillali ɗan wasa ne don yana iya tsayawa a matsayin mutum biyu. Dā yaro a gindin uba ya ke koyon wannan, a rumfa, shekara da shekaru yana kallo yana kasa kunne. Yau yaron yana makaranta tun safe har la'asar. In ba a koya masa a can ba, ina zai koya?

Ku koma ga wasan ku duba wa aka bari da kunya. Ba tsohuwa ba ce, ba kuwa baƙuwa ba. Ato ne, shi kaɗai mai jin harshen kowa, shi kaɗai ya san al'adar gida ya san ta Amurka. Dillali ne da ya ƙi yin dillanci. Uwa ta yi magana, ya ƙi fassara wa mata yadda ta ke, mata ta yi magana, ya ɓoye wa uwa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ganin ya ke tsohuwa ba za ta fahimta ba, saboda haka bai gwada ba. Da ya gwada a daren ƙarshe, sai ga shi ta fahimta nan da nan, har ta fi shi. Sunan wasan ma daga nan ya fito, daga wata waƙar yara ta fatalwa da ke kai da kawowa a mararrabar hanya, ta rasa ko Elmina za ta ko Cape Coast.

Jama'a, wannan yaron a gidajenmu ya ke. Kowane ɗa da muka sa boko Ato ne. Shi zai karanta mana takardar asibiti, shi zai raka mu ofishin haraji, shi zai tsaya tsakaninmu da mai fili, wata rana kuma shi zai tsaya tsakanin uwarsa da matar da ya samo a jami'a ko a Jamus. Mun ga waɗanda suka yi karatu mai zurfi suka komo suna jin kunyar Hausar iyayensu, in tsoho ya yi tambaya su ce bari kawai, ba za ka gane ba. Mu kan ce boko ne ya lalata su. Mu dai a ganinmu rabin boko suka samu. An koya musu su fahimci littafi, ba a koya musu su fahimci mutumin da bai karanta littafin ba. Malamin da ya zaunar da ɗanka bisa kujera ya ce ka zama Esi Kom, ka gaya wa ɗanka ɗan boko abin da ya yi maka, wannan malam kai ya ke yi wa aiki.

Masu cewa abin baƙo ne, na Turawa, suna da rabin gaskiya. Wadda ta fi shahara da wannan hanya a makarantun Ingila ita ce Dorothy Heathcote, wadda ta fara da aikin saƙa a masaƙar ulu tun tana yarinya, daga baya ta yi shekaru tana koyar da malamai a Newcastle, ta rasu a 2011. Ita ce ta dage cewa wasa a aji ba don 'yan kallo a ke yinsa ba, don masu yinsa ne, har malam ma ya kan shiga ya ɗauki matsayin wani cikin labarin. Amma a nan ƙasar Efua Sutherland ba ta jira kowa ba, daga tatsuniyar Ananse ta gina nata wasannin, ta yi aiki da yara shekara da shekaru. Ananse kuwa ai Gizo ne. Wace kaka ce cikin kakanninmu ta taɓa yin tatsuniya da murya ɗaya? In ta zo kan Gizo ta yi tsamin baki, in ta zo kan kura ta yi gurnani. A ƙasar Hausa yara na tashe cikin watan azumi suna kwaikwayon tsoho da malami da maigida, a fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarkin na kallo, ya ga halinsa a jikin wani. Bambancin kaɗai shi ne na aji ba don dariya a ke yi ba.

Waɗansu sun ce ai ƙarya ce yaro ya ce shi wane ne alhali ba shi ba ne. Hukunci na malamai ne, ba mu shiga gonarsu. Abin da mu ke iya faɗi shi ne mai ƙarya so ya ke a ruɗe, nan kuwa ba wanda aka ruɗa, duk ajin sun san ɗan wane ne. Maganar a sa namiji ya yi muryar mace da tafiyarta, wannan muna tare da iyaye, kuma ba ta da wuyar gyara. Aji cike ya ke da 'yan mata. In ma ana so namiji ya duba al'amari ta wajen uwa, lalle kuwa muna so, ba sai ya ɗaura zane ya yi rangwaɗa ba. Ya tsaya a matsayin wakilinta ya faɗi hujjarta, ko ya rubuta wasiƙarta. Uba ya je ya faɗa wa malam haka cikin mutunci, ba mu zaton za a ƙi.

Saura jarrabawa, wadda ita ce ainihin abin da ke cin iyaye, tun da sakamakon BECE shi ke raba wa yara makarantun sakandare. Tambayoyin adabi a can gajeru ne: wa ya faɗi wannan, wa ya gaya wa, me ya sa. Yaron da ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya kare Monka, ƙanwar Ato, wadda ta ga an zuba dukiyar gida kan karatun wanta ita aka bar ta, ba ya mance ko ita wace ce. Amma kada mu yaudari kanmu, abin na cin lokaci, kuma rago na iya fakewa da shi. Aji mai yara sittin, a fito da huɗu gaba suna ta shirme, sauran na dariya, malam na gefe yana latsa waya, wannan ba koyarwa ba ce. Alamar na gaske guda biyu ce: ana komawa littafi a nemo hujja, kuma a ƙarshe kowa ya rubuta wani abu, ba waɗanda suka fito gaba kaɗai ba. Ku duba littafin rubutun yaro za ku gani.

Yanzu ga wurin da muka ce a sa ido. Ba yin wasan ba ne abin tsoro, rabon ne. Wa a ke ba wane matsayi? In kullum ɗan zango ko ɗan arewa shi ne mai gadi, shi ne ɗan dako, shi ne ɓarawo, a ce ya karya Turancinsa don a yi dariya, to ba a koya wa kowa kome ba, an ƙara wa tsohon raini ƙarfi ne da hannun malam. A cikin wannan wasa ma akwai rami. Sa'ad da kakar Ato ta ji matar jikanta zuriyar bayi ce, kuka ta kama yi kamar an yi mutuwa. A ƙasar da har yanzu a kan jefi mutumin arewa da kalmar odonko, watau bawan da aka sayo, malamin da ya nuna 'yar arewa ɗaya tilo cikin aji ya ce ke ce Eulalie, sauran ku yi mata kuka, ya aika ta filin wasa da sunan da zai bi ta har ta gama makaranta. A Amurka an yi wanda ya fi wannan muni: a 2019, a wata makaranta ta jihar New York, wata malama ta fitar da yara baƙaƙe ta sa fararen aji su yi cinikinsu kamar a kasuwar bayi, wai tana koyar da tarihi. Aka sallame ta, hukumar shari'a ta jihar ta shiga maganar. Yaron da tabon ke jikinsa ba shi ke bukatar a nuna masa zafin ba.

Mu ma kuwa kada mu yi saurin wanke hannu. Salaga da mu ke alfahari da ita ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, kuma a zango har yau akwai gidajen da in an zo neman aure a kan yi raɗa a kan asali. Ɗan zangon da aka ba matsayin kakar nan, aka ce ya faɗi abin da ke tsorata ta, sa'an nan aka juya aka ce ya amsa mata da bakin Eulalie, watakila ya komo gida da tambayar da za ta yi wa manya nauyi. In ya yi, a amsa masa.

Akwai dattawa cikin masu karanta wannan takarda da suka ga watan Nuwamba na 1969 da idonsu, sa'ad da Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana goma sha huɗu ya fita ƙasar. Sun ga an sayar da gida da rumfa a kuɗin banza, sun ga motoci maƙare da mutanen da aka haifa a nan suna tafiya garuruwan da ba su taɓa gani ba. Da yawa cikin maƙwabtan da suka tsaya suna kallo ba miyagu ba ne, ba su dai taɓa zama baƙi ko na sa'a ɗaya ba. Jikokinsu su ne ke zaune benci ɗaya da jikokinmu, cikinsu za a sami ɗan sanda da nas da jami'in da zai duba takardar ɗan ƙasa ya ga sunan Musulmi ya ɗaga kai. Muna so a ce sun taɓa zama Eulalie, ko da na minti ashirin ne.

Saboda haka in an kira taron iyaye da malamai, kada a bar wa mata su kaɗai kamar yadda aka saba, a rufe rumfa na sa'a biyu a je. A tambayi malamin Turanci ko yana juya rabo, a tambaye shi matsayin da ya ba ɗan zango a wannan zangon karatu. Kuma tun da Hausa ba ta cikin harsunan da a ke jarrabawa a kansu a BECE, a aji da Turanci yaro zai yi ta fama, tunaninsa ya fi bakinsa yawa. A gida sai a cike masa. Bayan lisha a ce ya ba da labarin da Hausa, kakarsa ta ɗauki tsohuwa, shi ya ɗauki Ato, ya gwada yi mata bayanin abin da ya sa bai kawo kuɗin bashi ba. Ita ta san tambayoyin da za ta yi masa.

Haza wasalam.